Furen Kan Kek

Shekara goma sha tara Halvar Lindeskog yana minista. Ya riƙe hanyoyi, ya riƙe noma, ya sake komawa hanyoyi. Shugabannin gwamnati uku suka zo suka wuce, shi yana nan daram, kuma bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. In yana so ya kawar da mutum, sai ya sa a kawo koren kek, irin mai furen sukari guda ɗaya a bisa, a dafa kofi. Ya miƙe ya yi ta yabonka har kunya ta kama ka, sannan ya yanko wajen furen ya ɗora maka a faranti. Wa zai yi faɗa da baki cike da kirim? Har 'yan jam'iyya suka mayar da abin magana: in an gama da mutum sai a ce an ba shi fure.

Wata Asabar da rana ya sauka daga jirgin ƙasa a garinsu, can arewa, don reshen jam'iyya zai tsara sunayen 'yan takarar majalisa. Zaɓe shida a jere sunansa ne a sama. Ya kuma san sarai, ranar da garinsu ya sauke shi, ofishinsa na minista a Stockholm, babban birni, ma ya tafi ke nan.

Ya kakkaɓe ƙanƙara daga takalmansa, ya rataye kwat, ya shiga zauren taro. A kan tebur, kusa da butar kofi, sai ga farin kwalin gidan burodi. Ya gane kwalin, a irinsa ake kawo koren kek.

"Maraba da Mai Girma Minista," in ji Gunvor, shugabar kwamitin tsara sunaye. "Ashe ba ka manta hanyar garin ba?"

"Haba, Gunvor, ni na shimfiɗa ta."

"Ka shimfiɗa rabi. Zauna, Halvar."

Gunvor ɗin nan, shekara ashirin da biyu da suka wuce ita ce ta biyu a jerin. Ta tashi a taro ta ce masana'antar takarda za ta rufe, shi kuwa yana can yana ɗaukar hoto. Bayan sati uku ya ba ta fure. Ta koma koyarwa a firamare, ba ta kuma taɓa fashin taron reshe ko sau ɗaya ba. Da yana da wayon da ake cewa yana da shi, da wannan ya tsorata shi.

Ya dubi Bertil, tsohon sakataren reshe, mai shekara tamanin da kunne ɗaya mai ji. Ai kuwa furen na Bertil ne, ya ce a ransa. Ya matsa kusa da shi.

"Bertil, ritaya za ka yi?"

"Iye? Ni? Sai dai a ɗauke ni da kujerar."

Aka buɗe kwali. Gunvor ta miƙe, ta zaro wata tsohuwar takarda da ta yi ja don daɗewa, ta gyara tabarau.

"Akwai mutanen da jam'iyya ba za ta iya biyan su ba," ta fara karantawa, "sai dai ta ba su hutu."

Halvar ya gane su nan take. Kalmominsa ne. Shi ya rubuta su da hannunsa, ya karanta mata a wannan zauren, ya miƙa mata takardar wai ta ajiye don tunawa. Ta kuwa ajiye. Babu abin da ta canza sai suna. Mutane arba'in suna gyaɗa kai, rabinsu shi ya samar musu muƙami, ba wanda ya yarda suka haɗa ido. Abin da ya fi ci masa rai shi ne jawabin ya yi daɗi.

Ya ɗaga hannu. "Shugaba, ina neman izinin magana."

"Za ka yi, Halvar. A ci tukuna, kada kofi ya huce."

Ta sa wuƙa, ta yanko wajen furen, ta kawo masa da kanta, ta tsaya a kansa. Duk zauren ya zuba masa ido, ba wanda zai taɓa nasa sai ya fara. Ƙin ci rigima ce, shi kuwa shekara talatin yana koya musu cewa mai rigima ba ya shugabanci. Ya ɗebo da cokali ya kai baki.

Nan take Gunvor ta ɗauki gudumar taro.

"Kwamiti ya sa Pernilla Sjödin a sama, Halvar na goma sha ɗaya. Taro ya amince?"

"Mun amince!"

Guduma ta sauka kafin ya haɗiye.

Aka yi tafi, aka shiga miƙa madara da sukari. Gunvor ta sunkuyo ta dubi farantinsa, inda ya ture furen gefe.

"Cinye shi, Halvar," ta ce a hankali. "Ni ma sai da ka tsaya ka ga na cinye nawa."