Ɗamarar Gangaren Pelourinho

Wanda ya fara ɗaure kansa a kan keken alfadari a gangaren unguwar Pelourinho, can birnin ƙetaren teku inda aka kai bayi, shi ne marigayi Altine, a shekarar 1863. Wannan tarihin tsoho Musa baduku yake maimaita wa Umaru mai tuƙa keken alfadari, yana tsaye gaban keken ya hana shi wucewa, da ɗamarar fata a hannunsa.

"Altine da igiya ya ɗaure cikinsa, ranar da ya kife ta kusa raba shi biyu," in ji Musa. "Shi ya sa na faɗaɗa ta, ta bi ta kafaɗa ta sauka kan ƙugu. Ƙashi ke ɗaukar bugu, ba hanji ba. Magabatanka duk sun ɗaura."

"Baba, bara na fanshi kaina daga bauta," Umaru ya ce. "Wanda aka kwance ba ya sake miƙa wuya."

"Ashe gangare ya san ɗa ya san bawa? Kai dai taurin kanka ya fi na alfadarin nan."

Zainabu matar Umaru, wadda cikinta ya tsufa, ta saki tsaki daga bakin ƙofa. "Bar shi, Baba. In ya faɗo sai ya yi wa duwatsu bayani."

Musa ya kama hannun Umaru ya ɗora a kan ƙugiyar ɗamarar. "Wancan ɗaurin na bauta, wa ke kwance shi? Wannan kuwa a hannun wa yake?"

Umaru ya ɗaura yana gunaguni, ya kama hanyar unguwar Água de Meninos ta bakin teku da gangunan manja. An yi ruwa da safe. A kwanar da ta fi tsauri alfadarin ya zame, keken ya daki katanga, ganguna suka wuce ta gefen kansa suka fashe a ƙasa. Shi kuwa ya tsaya cak a mazauninsa, ɗamarar ta riƙe shi.

Da aka kawo shi gida ya ɗaga riga ya nuna wa Musa shatin da ya ratsa ƙirjinsa. "Dubi aikinka. Sai ka ce bulala."

"Na bulala ai a bayanka suke," tsohon ya ce, ya karɓi ɗamarar yana duba ɗinkinta.

Abin da aka rasa ranar: ƙafar keke guda, da manja, da haƙarƙari ɗaya da ya tsage. Abin da ya tsira: alfadari mai ɗingishi, da miji ga Zainabu, da bakin Umaru, wanda har magariba bai daina mita ba.