Yaron Cikin Kwalba

Mai-kitso ta haihu cikinta yana wata bakwai. Yaron ya zo ɗan mitsitsi, ko kuka bai yi ba sai wani ɗan ƙara kamar na kyanwa, nan take aka wuce da shi ɗakin bakwaini aka sa shi a kwalba, aka liƙa masa robar iska a hanci. Kafin shi ta yi ɓari sau biyu, don haka ko murna ta kasa yi.

Kullum da safe sai ta wanke hannu har gwiwa, ta sa rigar asibiti, ta tatsi nono a ƙaramin kofi a ɗura masa ta roba. Daga nan ta tsaya tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Idan na'urar da ke gefensa ta yi ƙara, sai ta waiga tana neman nas.

Wata rana likita ya duba shi ya ce, "Yana ƙoƙari. Ranar Litinin za mu gwada cire masa robar. In ya riƙe numfashi da kansa, kun kusa gida."

Wannan maganar ta riƙe da hannu biyu. Ta buga wa mijinta waya, kafinta ne, ya bar aiki ya je ya share ɗaki. Ta gaya wa matar fasto, aka sanar a majami'a. Ita kuwa addu'arta ta koma kalma ɗaya: Litinin, ya Ubangiji, Litinin.

Da Litinin ta zo, nas ta zare robar a hankali. Yaron ya yamutsa fuska, ya ci gaba da numfashi. Mai-kitso ta fara murmushi. Rana ba ta kai tsaka ba na'urar ta ɓarke da ƙara, leɓen yaron ya canza launi, ƙirjin ya tsaya cik.

"Fita, maman yaro, fita!" in ji nas, tana tura ta waje.

Ta tsinci kanta a kan benci a baranda, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ta cikin gilashin ƙofa ba ta ganin komai sai bayan fararen riguna. Ta buɗe baki za ta yi addu'a, ba abin da ya fito.

A haka surukarta ta same ta. Tsohuwar ta hawo bene tana haki, da kular abinci a hannu.

"Ina maigidan nawa? Yau ai ranar fitowarsa ce, har sabon ɗankwali na ɗaura masa."

Mai-kitso ta fashe da kuka. "Mama, ya daina numfashi. Suna ciki da shi."

Tsohuwar ta ajiye kular, ta zauna, ta jawo kan Mai-kitso ta ɗora a kafaɗarta.

"Na roƙa, Mama. Litinin kawai na roƙa. Me na yi wa Allah?"

"Ba abin da kika yi masa, 'yata. Amma Litinin ɗin nan likita ne ya faɗa, ba Ubangiji ba. Ni ma tsoro nake ji."

Tsohuwar ta rufe ido.

"Yesu, ga mu nan, ba mu san komai ba. Yaron nan naka ne tun kafin ya zama namu. Ranar da ka ga dama ita ce rana. Mu dai ka riƙe mana zuciya kada ta tsinke. Amin."

Mai-kitso ta ce amin da ƙyar. Ƙofar tana nan a rufe, ba wanda ya fito da labari. Duk da haka ta ji abin da ya tokare mata ƙirji tun ranar haihuwa ya ɗan sassauta, har ta iya jan numfashi mai tsawo. Ta yi mamakin kanta.

Can likita ya fito yana cire safar hannu.

"Ya dawo. Mun mayar masa da robar." Ya jefa safar a kwandon shara. "Da muka ɗauki hoton ƙirjinsa mun ga ciwo ya fara kama huhunsa, bai nuna alama ba sai yau. Gara da ya faru a gabanmu. Za mu fara magani yanzu."

"Yaushe zai warke?" Bakin Mai-kitso ne ya riga ta.

"Ba zan ƙara ba ki rana ba."

Kwanakin da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba. Yau a ce zazzaɓi ya sauka, gobe ya dawo. Jaririyar kwalbar da ke kusa da tasu ta rasu, Mai-kitso ta rungume uwar suka yi kuka tare, ranar ko ruwa ta kasa sha. Tsoro bai bar ta ba. Sai dai in ya taso, takan dafa gilashin kwalbar ta ce, "Na gode da numfashin yau," ta tsaya a nan.

Wata safiya ta makara, motar da ta shiga ta lalace a hanya. Ta shigo a guje, ta wanke hannu, ta nufi kwalbar. Ba kowa a ciki.

"Sista! Ina ɗana?"

"Haba maman yaro, za ki tayar mini da jarirai. Juyo nan."

Yana kwance a ƙaramin gado kusa da taga, an naɗe shi da tawul, hancinsa fayau ba roba.

"Shi ya fizge abarsa da sassafe," in ji nas tana dariya. "Likita ya ce a bar shi mu gani. Ga shi nan har yanzu, ko gezau."

Aka zaunar da ita, aka kwantar mata da shi a ƙirji, fata da fata. Bai fi cikin tafin hannunta biyu ba. Ta ji ɗumin numfashinsa a wuyanta, tana tsoron ko motsi ta yi.

"Na gode, Ubangiji," ta ce a hankali. "Na gode."

Nas ta miƙo mata waya. "Kira babansa mana."

"Bari tukuna, Sista. Hannuna duka biyu suna da aiki."