Jirgin Soumana Ba Matuƙi

"Barci yake," in ji Salissou, ya tokare ƙofar ɗakin da kafaɗa. "Ka dawo gobe."

Muƙaddas ya leƙa ta saman kansa, don ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. A hannunsa akwai leda tana ɗigar ruwa, karfasa ce ɗanya da ya kamo a tankin ban-ruwa na gonar Balaraben da yake yi wa aiki a bayan Sukra.

"Ai kamar muryarsa na ji yanzu, Malam Salissou."

"Mafarki ne. Likita ya ce a bar shi ya huta. Kawo kifin, ni zan ba Balkissa mai tuwo ta dafa."

Ƙarya ce tsagwaronta. Babu likitan da ya faɗi haka, kuma Tsoho Soumana idonsa biyu, tun asuba yake tambayar ko ɗan Yawuri ya zo. Muƙaddas ya miƙa ledar, ya ce a gaishe shi, ya fita ta ƙofar ƙarfen gidan hayar. Salissou ya ji wani sanyi a ransa, irin sanyin da mutum ba ya so a san ya ji.

A yi masa adalci, yana da hujjarsa. Shekara da shekaru bango ɗaya ne tsakaninsa da Soumana a wannan gida na unguwar Mahdiya da ke garin Sabha. Tukunyar shayinsu ɗaya. Lokacin da ƙafafun tsohon suka fara kumbura ya bar aikin gadi, Salissou ne ya goya shi zuwa bakin titi, shi ke wanke masa riga, shi ke zubar da fo tun kafin maƙwabta su tashi. Ladansa kuwa labari. Soumana Bazabarme ne daga Gaya, amma a tafkin Kainji ya ci ƙuruciyarsa, yana ɗaukar anasara da manyan mutanen Ikko a jirginsa, ya kai su inda giwan ruwa ke kwana su jefa fatsa. Da hanya ta lalace baƙi suka ɗauke ƙafa, sai ya sayar da jirgin ya hau motar Agadas. Salissou mutumin Tanut ne, babban ruwan da ya taɓa gani shi ne tabkin damina da raƙuma ke shanyewa kafin kaka. Duk da haka ya haddace kifayen Soumana kaf: wanda ya karya sandar wani Bajamushe, da wanda sai da ƙarti suka ratayo shi a gora.

Sai ga Muƙaddas, ɗan masunta daga Yawuri, ya sauka a Sabha yana neman abin da zai kai shi Tarabulus. Gaisuwa ɗaya suka yi, tsohon ya ji sunan garin ya tashi zaune. Daga ranar hira ta sauya. Ba a ƙara zancen girman kifi ba, sai sunayen tsibirai, da inda tsoffin itatuwa suka nutse, da wace iska ke kora kifi gaɓar yamma. Su yi ta dariyar abin da Salissou bai ga abin dariya a ciki ba. Shi yana gefe yana fifita gawayi, yana zuba musu shayi. Kishi ya ci shi, ya kuma san kishi ne, sanin bai rage masa komai ba. Ya ƙudura a ransa cewa duk ranar da Allah ya yi, hannunsa tsohon zai riƙe, ba na wani baƙon jiya ba.

Bayan azahar aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ɗakin ya ɗau zafi. Zazzaɓi ya hau Soumana sosai. Ya ce a jingina shi da bango, ya ƙura wa ƙofa ido, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Mun fita. A hankali, ruwa ya kwanta."

"Ina muka fita, Tsoho? Muna gida."

Soumana bai kula shi ba. Ya ɗaga hannun dama ya karkata shi hagu, ya jira. Ya sake karkatawa, ya jira. Sannan ya buɗe tafin hannun ya tsayar da shi a sama. Salissou ya kama hannun da nasa biyu, zuciyarsa ta cika.

"Ga ni, Tsoho. Ni ne, Salissou. Ba inda za ni."

Tsohon ya fizge hannunsa da ƙarfin da ba a san yana da sauransa ba.

"Wa ke surutu cikin jirgina? Kifi zai gudu!"

Ya sake ɗaga tafin. Idonsa ya cika da tsoro, irin wanda Salissou bai taɓa gani a fuskarsa ba ko ranar da 'yan bindiga suka shigo gidan.

"Ba kowa a baya? Jirgi na juyawa. Za mu hau dutse da baƙin mutane."

Salissou ya gane amsa ake jira, amma wace iri? Ya ce to. Ya ce an tsaya. Ya ɗauki muciyar Balkissa ya yi ta kaɗa iska kamar mai tuƙi, gumi na zuba masa. Ya bubbuga ƙarfen gado da ƙarfi. Nan tsohon ya juyo ya dube shi sama da ƙasa.

"Wa ya ba baƙo filafili? Zauna tsakiya, Malam, kar ka motsa. Ina ɗan Yawuri?"

Baƙo. Kalmar ta soke shi har ƙashi. Ya zauna a ƙasa yana huci, yana cewa a ransa ko mutuwa za a yi ba zai kira shi ba. Amma hannun nan yana sama ya ƙi sauka, tsohon na nishi yana roƙon wanda ba ya nan ya tsayar masa da jirgi. Salissou ya jure iya jurewarsa, sannan ya miƙe ya buga ƙofar Balkissa mai tuwo.

"Ki zauna da shi. Yanzu zan dawo."

Wayar Muƙaddas a kashe. Salissou ya tari tasi har bakin gonar, ya same shi yana jan tiyo tsakanin shukar albasa. Bai yi doguwar magana ba. A hanyar dawowa, bayan sun wuce shingen masu bindiga, ya kwatanta masa abin da tsohon ke yi da hannu, idonsa na kan titi.

"Ai a tsaya yake nufi," in ji Muƙaddas. "Mai ja-gora ba ya magana in an iso wurin kifi. In ya buɗe tafi, na baya sai ya ɗan taɓa jikin jirgi da yatsa, ya ji an gani. Shi ke nan, sai ya sauke hannu."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Malam."

Tun daga ƙofar ƙarfe suka ji salati. Balkissa na zaune bakin ɗakin, ta ja mayafi ta rufe fuska. Maƙwabta sun fara taruwa a tsakar gida, kowa na cewa Allah ya jiƙansa. Salissou ya shiga ya ga an miƙar da tsohon an lulluɓe. Ya daɗe a tsaye. Da ya fito, ya durƙusa kusa da Balkissa, ya yi tambayar da ya san bai kamata ba.

"Wa ya kira daga ƙarshe?"

"Haba Malam Salissou, yanzu?"

"Don Allah faɗa mini."

"Bai kira kowa ba. Na ba shi kalmar shahada ya karɓa. Hannun ne dai ya ƙi saukewa, ni na sauke masa bayan ya cika."

Muƙaddas na jin su. Bai ce da safe an hana shi shiga ba, kuma wannan ya fi wa Salissou ciwo.

Washegari da hantsi, bayan an gama cuku-cukun takardu, aka kafa tabarmi a kusurwar tsakar gida don wanka. Liman ya ce maƙwabcin mamacin na kusa ya wanke shi. Salissou ya naɗe hannun riga ya shiga. Amma mai wanka ba ya zuba wa kansa ruwa. Ya ɗago kai ya duba mazan da ke tsaye, ya wuce wannan, ya wuce wancan, sannan ya tura butar da ƙafa zuwa gaban Muƙaddas ba tare da ya dube shi ba.

Ɗaya na zubawa, ɗaya na wankewa. Ruwan ya bi ta ƙarƙashin tabarma ya nufi ƙofar gida, siriri, yashi ya shanye shi tun bai kai rabin tsakar gidan ba.