Kwaɗon Tsahara

Duk wanda ya taɓa bi ta Roxy a Adjamé da rana ya san Tsahara mai kwaɗo. Kwaɗon zogale ne, da ƙuli-ƙuli da barkono, tana ƙullawa a farar leda tana miƙa wa direbobi. Da wannan ledar ta yi wa ɗiyarta Ni'ima karatu har jami'a. Yarinyar kuwa da ta ga boko ya zauna, sai ta fara jin warin Bromakoté, unguwar da ta tashi. In ta zo ma a bakin titi take tsayawa, Hausar tata kuma duk ta karkace, sai Faransanci kamar ruwan famfo.

Ran nan sai ga waya.

"Mama, ranar Asabar ina da konferans a Treichville, gidan da ake ajiye kifaye a gilashi. Zan yi magana a kan leda da kwaɗo."

Tsahara ta kasa ajiye wayar. Leda da kwaɗo! Wato dai yarinya ta tuna abin da ya raine ta, za ta faɗa a gaban manya. Ba ta ce mata ki zo ba, amma wa ke gayyatar uwa zancen sana'arta?

Murja maƙwabciyarta, wadda bakinta ba ya gajiya, ta ce, "Ke Tsahara, kwaɗo a gidan kifi? Kifin ne zai ci?"

"Hassada ce ke cin ki, Murja. Naki ɗan ko sunanki ya iya rubutawa?"

Ranar Asabar ta haɗa kwaɗo wanda ba ta taɓa yin irinsa ba, ta ƙulla leda-leda ta cika roba, ta ɗauro atamfar salla, ta hau motar haya ta woro-woro aka ƙetare gada.

Wuri ne mai sanyi, kifaye na yawo a bango, mutane zaune a kujeru. Ga Ni'ima can gaba riƙe da abin magana, ta yi kyau ƙwarai. Tsahara ta sauke robarta a baya ta zauna tana murmushi. Faransancinta na kasuwa ne, amma ido ai ba ya buƙatar tafinta. Aka hasko hoton lagin, ruwan da ya ratsa gari, cike da leda. Aka hasko kunkurun teku da leda a maƙogwaro. Sai kuma aka hasko wani ƙaton kwaɗo, mai tsalle, mai idanu a waje, zaune cikin kwata.

Ashe wannan kwaɗon ake nufi. Bakin yarinyar ne bai iya raba su ba.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya za a yi a wuce. Sai aka hasko wani hoton: teburi a Roxy, ƙullin leda jere, hannun mace na miƙawa. An yanke kan, amma Tsahara ta san awarwaronta. Ni'ima ta nuna hoton da yatsa, ta ce daga irin nan ne masifar take farawa. Aka yi ta gyaɗa kai.

Da aka tashi, wani ma'aikacin wurin ya hango robar, ya fara faɗa wai wa ya shigo da leda nan, yau ma da ake wa'azi a kanta. Mutane suka waiwayo. Wata mai gilashin ido ta dubi awarwaron, ta dubi Ni'ima, ta tambaye ta ko ta san matar.

Tsahara ta miƙe tana gyara mayafi, tana jira. Kalma ɗaya take so.

Ni'ima ta yi 'yar dariya ta ce, "Wata tanti ce ta unguwarmu."

Wannan kam ba sai an fassara mata ba: tanti, yadda ake kiran kowace mace a titi. Ta ɗora robarta a kai ba wanda ya taya ta, ta fito. Ko leda ɗaya ba a buɗe ba. Kafin ta isa Adjamé zafi ya sa zogalen ya yi tsami.

Murja na zaune a tsakar gida ta ce, "To uwar konferans, kifin sun ƙoshi?"

Tsahara ta shige ɗaki. Washegari da hantsi, da ta ji an ce ga Ni'ima a bakin titi tana sauka daga taksi, sai ta miƙa wa Murja makulli.

"Rufe ni ta waje. In ta tambaya, ki ce tantin unguwa ta fita."

Murja ta dubi fuskarta, ta karɓi makullin. Ta datse ƙofar.

Tsahara na zaune bakin gado ta ji takun takalmi ya shigo har cikin gida, abin da ya daɗe bai faru ba. Ta ji an taɓa ƙarfen ƙofar, an jijjiga.

"Mama? Murja, me ya sa aka sa wannan... wannan abin?"

"Kwaɗo sunansa," in ji Murja. "Ba ke ce malamarsa ba?"

Ni'ima ta ƙara kira, a hankali. Tsahara ta dubi awarwaron hannunta, ta riƙe shi gam don kada ya yi ƙara.