Motar da Baba Ba Ya Ji

Babanmu makaho ne, amma kada ka kuskura ka kama masa hannu, sai ya wanke ka tas. Saƙar kujeru yake yi a wani shago da ke tsallaken babban titi, kuma tun kafin a haife ni da kunne yake tsallakawa. Ya san kowace bas da kukanta. Akwai wadda ya raɗa wa Mai Tari, akwai Tsohuwa, wadda tun daga kwanar titi ake jin nishinta.

Hayaƙin waɗannan motocin ne ya cinye ƙirjin Inna. Tagarmu titin take kallo, shekara da shekaru a rufe, an cusa tsumma a kowace kafa, duk da haka numfashinta kamar ana busa usur.

Sai aka kwashe tsofaffin, aka zuba masu lantarki. Ba hayaƙi, ba ƙara. Inna ta cire tsummokaran nan, ta buɗe taga, tari ya yi sauƙi. Na yi murna, wallahi, har na manta da Baba.

Mai shagon ne ya tare ni a hanya. "Lafiya kwana biyu ban ga Malam ba? Aiki ya taru."

Alhali kullum da safe sai Baba ya fita. Washegari na bi bayansa. Ya isa bakin titi, ya karkata kai yana saurare. Ya ɗaga ƙafa, ya mayar. Ya sake ɗagawa, ya mayar. Wani ya zo zai taimaka, ya fizge hannunsa. Da rana ta fara zafi ya yi shahada, ya miƙa sanda ya taka. Bas ta sulalo ta murƙushe sandar, direba ya danna birki yana salati. Na tarar da Baba tsaye da guntun itace a hannu.

"Ban ji ta ba," ya ce. "Ko kaɗan ban ji ta ba."

Ranar ya bar ni na ja shi har gida, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na je ofishin motocin na zazzage musu. Suka ce ana duba yiwuwar sa musu ƙararrawa. Har yau ana dubawa.

Inna ta ce, "Gara a dawo da hayaƙin, Malam, ai na saba."

"Kul! Kada in sake ji."

Bai nemi sabuwar sanda ba. Mai shago ya gaji da jira, ya ba wani bencinsa.

Jiya da la'asar suna zaune a ɗaki, taga a buɗe, Inna na ɗinki a gefensa. Can ya juya kai yana lalube.

"Kina nan?"

"Ga ni kusa da kai, Malam."

"To," ya ce. "Da can ina jin ki."