Ƙasar Tafkin Dungari

"Buɗe ledar nan in gani," na ce da Sabitu, na tare ƙofar ɗakin Inna Ɗaso da jikina.

"Haba Hajiya Ummulkhairi, bana ma? Ƙasa ce, tsarabar gida."

"To ƙasar kunyar ido take ji? Buɗe."

Ya kwance bakin ledar yana 'yar dariyar nan tasa da ban taɓa yarda da ita ba. Ƙasa ce kuwa, toka-toka, mai ɗan ƙyalli, ba ta fi cikin kwano ba. Na cusa hannu na yamutsa ta, don ni ba a wuce ni da kaya a rufe.

Ba don neman fitina nake haka ba. Inna Ɗaso maƙwabciyata ce, ƙofa na kallon ƙofa, a hawa na uku na wani tsohon gida a unguwar Tandabawi, nan Makka. 'Yarta Mubina tana aiki a wani asibiti a unguwar Shisha, ba ta dawowa sai bayan la'asar, shi ya sa ta damƙa mini amanar tsohuwar. Likita ya hana ta gishiri ƙwarai da gaske, ga hawan jini ga ciwon ƙoda, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ita kuwa Inna, in kin hana ta gishiri kamar kin hana ta numfashi ne. Na taɓa kama ƙullinsa a cikin rigar matashinta, ta dube ni ido cikin ido ta ce aljanu ne suka ajiye.

Ni a Makka aka haife ni, ban taɓa taka ƙasar Hausa ba. Inna Ɗaso kuwa da girmanta ta zo, ita da mijinta marigayi, daga wani ƙauye can gabas da Damagaram, a bakin wani tafkin gishiri da take kira Dungari. Sabitu ɗan ƙauyen ne, magini, yana aiki a nan da iƙama, wato takardar izinin zama. Duk shekara in ya je hutu gida, sai ya ɗebo mata ƙasar bakin tafkin. Na daɗe ina tambayar kaina abin da zai sa ƙato mai iyali a gida ya riƙa hawo bene uku da ledar ƙasa saboda tsohuwar da ba dangin iya ba na baba. Na fi zargin Mubina yake hange, don bazawara ce kuma ba ta da makusa. Na faɗa wa mijina Yunus, ya ce ni ko liman ya yi mini sallama sai na duba ko da wata a ƙasa.

Ina cikin yamutsa ƙasar sai wani abu mai kaifi ya taɓa mini yatsa. Na damƙe shi a tafin hannu ban nuna ba. Daga ciki Inna ta ɗaga murya.

"Wane na a ƙohwa? Sabitu na? Ummu, ki bar yaron nan shi shigo, ke kam sai ka ce 'yan jawazat masu duba takardun baƙi."

"Tana jin jiki yau," na ce da shi. "Ba ni ledar, ka dawo bayan azahar."

Da ya sauka na buɗe hannuna. Ɓallin tayil ne, shuɗi, irin wanda ake mannawa a banɗaki. Tafkin da ke tsakiyar daji, inda Inna ta ce ko kwanon rufi babu, ina ya samo tayil? Sai kuma na tuna shekaranjiya na hango Sabitu a baƙalar ƙasan gidanmu, kantin da muke sayen kayan miya, yana karɓar gishiri leda biyu. Mutumin da a gidan abinci yake cin safe da rana, me zai dafa?

Na shiga wajen Inna da ledar a bayana. Tana kishingiɗe a ƙarƙashin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, an tara mata matasai, numfashinta na fita da ƙyar.

"Ya kawo?"

"Ya kawo. Zai dawo anjima, a buɗe a gabansa."

"To madalla. In ɗanɗana in ji ko yana nan da rai."

Haka take maganar tafkin, kamar wani ɗan'uwanta da ke kwance asibiti. Labarinsa kuwa na sha shi har na haddace. Ta ce tana yarinya, in damina ta wuce, ruwan Dungari yakan ja baya ya bar farin ɓawo a bakin gaɓa, da safe ka tarar da sawun tsuntsaye a kai kamar an yi zane. Mata su fita da sakaina su kankaro ƙasar, a zuba ta a kwandon kaba, a kwarara ruwa, abin da ya tsiyayo a dafa shi a ƙananan tukwane har ya daskare ya zama mangul. Ta wani gefen kuma kanwa ake haƙa. Buzaye su zo da ayarin raƙuma su sauke gero da dabino su ɗauki gishiri. Amma kafin mace ta sa sakaina a wuri, sai ta dangwali ƙasar ta ɗora a kan harshe. Wadda harshenta bai iya ba, ita ke wuni tana dafa ruwan banza.

"Mu muka cinye shi," takan ce. "Goribar da ta zagaye shi duka mun sare mun hura wuta. Da itacen ya ƙare, rairayi ya samu hanya. Ruwan sama kuma ya ɗauke ƙahwa."

Bara da ta ɗanɗani tsarabar Sabitu, sai ta juya fuska bango. Mun fi mako muna fama da ita kafin ta yarda ta ci abin kirki.

Bayan azahar na tsaya a kan matattakala na jira shi. Yana hawowa na miƙa masa ɓallin tayil ɗin a tafin hannu.

"Wannan ma daga Dungari yake?"

Ya dubi tayil, ya dube ni. Dariyar nan ta ɓace.

"Sabitu, ni ba yarinya ba ce. Ƙasar wurin aikinku ka ɗebo ka zuba mata gishirin baƙala. Me kake nema a gidan nan? Ka faɗa mini gaskiya, in ba haka ba wallahi yau Mubina za ta ji, kuma ƙafarka ba za ta sake taka benen nan ba."

Ya zauna a kan matattakala, ya cire hula ya riƙe.

"Hajiya, na tahi. Wallahi na tahi har wurin. Babu tabki."

"Ban gane babu ba."

"Tudun rairayi na a wurin. Sai da wani makiyayi ya nuna mini, don ban gane shi ba, ni da aka haifa nan. Na gina rami har hannuna ya nutse zuwa kahwaɗa, na ɗanɗana, lami. Garin ma an watse, gida ukku suka rage." Ya murza hular. "Kin ga yadda ta yi bara, alhali da sauran ɗan gishiri a ƙasar. In na kawo mata wannan rairayin, mi kike so shi hwaru?"

"To ina ruwanka da ita har haka?"

"Ita ta yi wa uwata wankan jego da aka haihe ni. Uwata ta rasu. A duniya ba wanda ya san ni tun ina tsumma sai ita."

Ban ce na yarda da shi nan take ba, don ni yarda ba ta zo mini da sauri. Amma na ga idonsa ya kaɗa, kuma maganar Mubina ba ta ko gifta ba. Na jefa tayil ɗin a aljihu na ce ya tashi mu shiga, sauran kuma Allah ya rufa asiri.

Inna ta sa aka ɗaga ta zaune. Ta ce in juye ƙasar a faranti. Ta baje ta da bayan hannu, ta shinshina, sannan ta lashi ɗan yatsa ta dangwala ta ɗora a harshe. Ta rufe ido. Sabitu kuwa ya kafa wa tabarma ido kamar mai neman allura.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Bana ya yi gishiri. An samu ruwa ke nan?"

"An samu, Inna."

"Tsuntsaye sun komo?"

"Sun komo, Inna. Ga sawunsu nan ko'ina."

"To Allah shi yi maka albarka. Gobe in kun taso aiki ka zo, mu tace ta."

Ya fita da sauri, ko sallamar kirki bai yi ba. Na ɗauko ruwa na ba ta ta kurkure baki, ina mita cewa likita zai ci mutuncina. Ta tofar a kwano, ta riƙe mini hannu.

"Ummu, rufe ƙohwa."

Na rufe.

"Dungari ya mutu."

Na buɗe baki zan yi musu, ta girgiza kai.

"Ƙasarmu ɗaci take hwara yi, na kanwa, kahin gishiri shi biyo baya. Wannan gishirin tuwo na. Ya cika shi ma, yaron ba shi da hannu." Ta yi 'yar dariya, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Da akwai sauran ko kaɗan, da shi zai kawo mini. Tunda har ya zauna ya haɗa wannan, babu komi ke nan."

Tausayinta ya kama ni. Na zauna a bakin gado ina murza mata ƙafa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma juya fuska bango ba.

"Kar ki hwaɗa mishi na sani," ta ce. "Ya sha wahala. Ke dai na san bakinki."

"Ni Inna? Ni da ba na magana?"

"Ke hwa."

Washegari ta kafe sai an tace ƙasar yadda ake yi a gida. Mubina ta ce da uwarta, "Ya Ummi, haram alaiki, ko tsayuwa ba kya iyawa," amma ta san ba a ja da Inna. Sabitu da Yunus suka ɗauke ta a kujera suka hau da ita rufin gida da yamma, aka ajiye ta a inuwar tankin ruwa. Babu kwandon kaba a Tandabawi, sai muka shimfiɗa tsohon ɗankwalinta a cikin matacin shinkafa. Tana daga zaune tana ba da umarni. A zuba ruwan a hankali. Kar a motsa ƙasar. Na farkon da ya tsiyayo a mayar da shi, bai yi ba. Sabitu ya tsuguna yana kwarara ruwa da kofi, tana yi masa faɗa wai hannunsa na rawa kamar na ɗan koyo.

Ruwan ya taru a babban farantin silba, garai-garai. Na ce in ɗora a kan gas, ta ce a'a.

"Bar shi nan. Ranar garin ga ta ishe shi. Ba sai an ƙone komi ba."

Ta daɗe tana kallon farantin, hasken yamma na wasa a cikinsa, har aka kira magariba daga Harami. Sannan ta ce a sauke ta, ta gaji.

Ba ta sake hawa rufin ba. Jikin ya rikice, aka kai ta asibiti aka dawo da ita, ta ce ita a ɗakinta take so. Kullum in na shiga sai ta tambaye ni ruwan farantin, in ce ya ja baya kaɗan, ta ce haka yake yi. Ranar Alhamis da hantsi ina ba ta kunu a cokali, ta kau da kai, ta yi salati a hankali, hannunta ya saki nawa. Na kira sunanta, na sake kira. Sai na rufe mata ido, na kashe mukayyif, na buga wa Mubina waya.

A Harami aka yi mata salla bayan la'asar. Mu mata muka zauna a gida, ɗakin ya cika da 'yan gaisuwa, ana ta zuba gahawa. Na yi kuka sosai, ban ɓoye ba, don shekarun da muka yi ƙofa da ƙofa ko uwata ban zauna da ita haka ba.

Sai da aka share makoki na tuna da farantin. Na hau rufin da safe, na tarar Sabitu ya riga ni, yana tsugune a gabansa da kayan aiki a jikinsa. Bai juyo ba.

"Hajiya, don Allah ki hwaɗa mini gaskiya. Ke ba a ɓoye miki abu. Ta yarda?"

Na dubi ƙeyarsa, da hular da siminti ya ci.

"Ta yarda mana. Ba a gabanka ta ce ya yi gishiri ba?"

Ya gyaɗa kai, ya share fuska da hannun riga, ya ce zai makara wurin aiki. Na ji saukarsa har ƙasa.

Ruwan ya ƙafe. Farin ɓawo ya bi gefen farantin zobe bayan zobe, sai ɗan danshi da ya rage a tsakiya, bai fi tafin hannu ba. Wata tattabara ta riga ta bi ta kai, ta bar sawunta daga wannan gefe zuwa wancan.