Ɗinki Ba Ƙulli

Dattijon da ke tagar buga hatimi ya shimfiɗa farar rigar a kan tebur. Ya bi jajayen hatimman da suka cika bayanta da yatsa, sahu bayan sahu, har ya iso gurbin ƙarshe can kusa da bakin rigar. Sai ya tsaya.

"Iya, nan ai rami ne. A kan iska zan buga?"

Chizuru ta leƙa ta saman kafaɗar mahaifiyarta. Gaskiyarsa. Yadin ya daɗe a ninke, ya mutu a daidai wurin, ya yage har ana hango katakon tebur.

Tun Chizuru tana firamare mahaifiyarta, Fusae, ta fara zagayen ibada a haikalan tsibirin Shikoku tare da mijinta. Duk haikalin da suka je, a buga wa rigar hatiminsa. Mijin ya rasu, zagayen ya tsaya, rigar ta kwanta a akwati. Sai bana, da likita ya gama bayaninsa, Fusae ta ce a ciro ta. Ita za a sa mata ranar da za a kai ta a ƙona gawarta bisa al'adarsu, kuma ba za ta tafi da gurbi a buɗe ba. Chizuru ta rufe ɗakin ɗinkinta a Ingila, inda ta je karatu ta zarce da zama, ta dawo ta yi hayar mota. Wannan haikali na kan dutse shi ne na ƙarshe. Fusae ta hau matakalarsa rabi da ƙafarta, rabi a bayan 'yarta. Su duka biyun sun san ba hawa na biyu.

Dattijon ya ce, "Ku yi masa faci ku kawo. Amma fa da rana ta faɗa bayan dutsen can, rufewa nake yi."

Fusae ta ce, "Ji ɗan nan. Ina zuwa haikalan nan tun kana da gashi a ka."

"Shi ya sa ban ce ku dawo gobe ba, Iya."

Suka zauna a benci a gindin wata tsohuwar bishiya. Masu yawon buɗe ido na ta ɗaukar hoton ƙofar haikalin. Chizuru ta buɗe jakarta ta ciro bargon da take haɗawa tun farkon tafiyar: ƙyallaye masu shuɗin baba, kowanne daga garin da suka yada zango, ta bi su da farin zare a siffar igiyar ruwa. Bayan bargon farin yadi ne, mai kauri daidai da na rigar. Ta ɗauko almakashi.

"Ajiye wannan," in ji Fusae.

Ta ajiye. A al'adarsu ba a sa wa tufar mamaci almakashi, ta sani. Ta kama bakin yadin da haƙori, ta tsaga, ta yage da hannu. Aikin mako guda ya ɓaci a gefen bargon. Ba ta kalle shi ba.

Ta zura zare a allura, ta murza ƙarshensa tsakanin yatsu biyu, ta soka.

Idon Fusae ya yi rauni, amma kunnenta ya ji lokacin da zaren ya tsaya cak a jikin yadi.

"Kin yi ƙulli."

"Ɗan ƙarami ne, Mama. Ta ciki yake, ba mai gani."

"Ba ni in taɓa."

"Mama, in babu ƙulli, facin nan ko mota ba zai kai ba."

"Ni ma ba tabbas zan kai motar ba. Kin ga mun yi daidai."

"Wuta ce fa za ta ci duka. Da ƙullin, da rigar."

"To in wuta ce, me ya dame ki da shi? Ke dai kina so ki ɗaure ni a nan ne, in yi ta yawo a kicin ɗinki ina buɗe tukwane. Ubanki da aka ɗinka tasa, ko ƙulli ɗaya babu. Kin taɓa ji ya dawo neman silifas ɗinsa?"

Chizuru ba ta yarda zare na riƙe mamaci ba. Duk da haka sai da ta ɗan jima tana kallon ƙullin kafin ta kai shi baki ta datse.

Saura aikin. Ba ƙulli, kuma a ɗinkin tufar mamaci allura ba ta komawa baya, gaba kawai take yi. Duk dabarun da ta iya na ƙarfafa ɗinki sun fita daga lissafi. Ta shimfiɗa facin a ƙarƙashin ramin, ta fara sahu na farko. Tana jan allura, zaren ya biyo ta gaba ɗaya, ya fito fes. Ta sake. Ya sake fitowa.

"Karatun Ingila ke nan?" in ji Fusae.

"A can mutane ba sa jin tsoron ƙulli. Kawo babban yatsanki. Danne nan."

Fusae ta danne jelar zaren a kan cinyar 'yarta. Chizuru ta yi sahu ɗaya, ta bar jela a ƙarshensa, ta fara wani dab da shi. A sahu na uku tsohon yadin ya ƙi allura, ya ƙara yagewa. Ta ja tsaki, ta matsa waje inda yake da sauran rai, ta faro daga can. Ɗinki ƙanana take yi, kusa da kusa, kamar dashen shinkafa. Da ta cika tsaye, ta juya rigar ta bi a kwance, zare na hawa kan zare. Abin da take nema ke nan: in ba abin da zai ɗaure su, to su matse juna.

Inuwar dutsen ta cinye farfajiyar, ta hau ƙafafunsu. Masu hoto suka fara gangarawa. Allura ta soke ta, ta tsotse yatsan da sauri don kada jini ya taɓa farin.

"Hannuna ya mutu," in ji Fusae.

"Ya jira. Saura sahu biyu."

"Haka kike yi wa masu sayen bargunanki magana?"

"Su biya suke yi."

Fusae ta yi dariya har tari ya kama ta, amma ba ta ɗaga yatsan ba.

Da Chizuru ta isa tagar, dattijon ya riga ya rufe tawadarsa. Ya karɓi rigar, ya juya cikinta. Jelolin zare na reto a kewayen facin kamar gemun akuya. Ya shafa su, bai ji ƙulli ba. Ya buɗe tawadar, ya dangwala hatimin, ya danna da hannu biyu. Da ya zo ɗagawa, facin ya manne ya biyo shi. Ya sa yatsa ya tokare gefe, ya ɗaga a hankali. Facin ya koma ya kwanta, da jan hatimi a kansa, cikakke.

Ta kai wa mahaifiyarta rigar a buɗe, don tawadar ba ta bushe ba.

"Ya fito?"

"Ya fito. Ya fi na sauran ma kyau."

Fusae ta kai ta kusa da ido, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta laluba ciki, ta kama jelar zare ɗaya, ta ja. Zaren ya taho.

Chizuru ta cafke wuyan hannunta. "Mama!"

"Dubawa nake yi." Ta saki jelar. "Yana warwarewa, ba zai riƙe ni ba. To, jira tawadar ta bushe ki ninke."